Shaƙuwa Bayan An Rage Mini Tumbi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwa labarin abin da ya same ni, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni akawu ne, aikina zama bisa kujera tun safe har la'asar. Da haka ƙiba ta yi mini yawa, har ciwon sukari da hawan jini suka kama ni ban kai shekara arba'in ba. A 2023 likita ya yi mini aikin rage tumbi, watau a yanke wajen kashi uku cikin huɗu a fitar, a bar ɗan siriri kamar ayaba, don mutum ya riƙa ƙoshi da abinci kaɗan. Aiki ya yi kyau, na koma gida. Amma na ɓoye wa jama'a, ina cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da na koma cin abinci mai ƙarfi, sai shaƙuwa ta sa ni gaba. In na yi loma huɗu ko biyar, sai ta taso, ta yi ta girgiza ni har wurin ɗinki ya yi zafi. Ran nan ta kama ni ina karanta wa babbanmu takarda a ofis, yara masinjoji suna rufe baki. Ran sunan ɗan wani abokina kuwa, muka kewaye akushi, ana ta ce mini, "Malam, sa hannu mana, ko tuwon namu ne bai yi maka ba?" Don kunya na yi ta turawa, na kora da lemon kwalba. Kafin a shafa fatiha ina bayan gida ina amai.

Na yi dabarun gida duka: na riƙe numfashi, na kwankwaɗi ruwa, har tsohuwarmu ta ɗora mini zare a goshi kamar jariri. Ashe kwankwaɗar ruwan ƙara ta yake yi.

Daga nan na koma wurin likita, ya yi mini bayani. Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, da shi muke jawo numfashi. In wani abu ya taɓa jijiyoyinsa sai ya zabura, iska ta shigo da sauri, maƙogwaro ya rufe, shi ne ƙarar da muke ji. To, tumbi yana dab da ƙarƙashin naman nan. Wanda aka rage wa tumbi, loma ɗaya ta wuce kima, ko iskar da ya haɗiya garin sauri, ko ta lemon kwalba, ta isa ta kumbura shi. Ƙwannafi ma yakan jawo ta. Watau shaƙuwar nan manzo ce, tumbi ne ya aiko ta ta ce ya cika.

Ya ce in riƙa yin ƙaramar loma, in tauna sarai, in yi minti 20 ko 30 bisa abinci. Kada in haɗa ci da sha, sai in bar minti 30 a tsakani, ruwan ma kurɓi-kurɓi. In bar lemo mai iska, kada kuma in kwanta da na gama ci. Ya ba ni maganin ƙwannafi. Ya kuma ja mini kunne ƙwarai: shaƙuwar da ta wuce kwana biyu ba ta tsaya ba, a zo asibiti. In kuwa ta zo da zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwon kafaɗar hagu, musamman a makonnin farko bayan aiki, kada a kwana, gama mai yiwuwa ne ɗinkin ke yoyo, wannan kuwa yana kisa.

Dokokin nan ba su da wuya. Abin da ya yi mini wuya shi ne in buɗe baki in gaya wa abokan cina gaskiya, domin a wurinmu wanda ya tsame hannu da wuri kamar ya raina mai gida ne. Da na daure na faɗa, ba wanda ya yi mini dariya. Yanzu da ɗan kwanona nake zama cikinsu, su gama su wanke hannu ina nan ina tauna. Sannu ba ta hana zuwa. Shaƙuwa kuwa sai jifa-jifa, in ta zo na san ni na yi laifi, sai in ajiye cokali.

Saboda haka ina roƙon jama'a, in baƙo ya ce ya ƙoshi, a kyale shi, ba a san abin da ke cikin rigarsa ba. Masu irin lalurata kuma kada kunya ta kai su ga halaka. Allah ya ba mu lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.