Jar Fitila a Hanyar Dirku

Duk direban da ya saba bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san tashin hankalin da ke cikin ganin jar fitilar mai ta kama, ko allurar gejin ta faɗi ƙasa, a tsakiyar Tenere inda babu gareji babu inuwa. Na tsufa a ƙarƙashin Land Cruiser, yawancinsu masu injin 1HZ, dizal mai silinda 6 da Toyota ta fito da shi a 1990. Inji ne mai haƙuri da zafi da lodi, amma haƙurinsa bai kai ga rashin mai ba. In fitilar ta kama, kashe shi nan take. Mintoci kaɗan sun isa metal su ƙone.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne gaggawa. Wani yaro zai cire wayar fitila don ran direba ya kwanta. Wani kuma tun kafin ya auna komai ya sauke inji, ya ɗora wa mai mota kuɗin da bai kamata ba. Dukansu zalunci ne.

Ku yaran gareji, ku fara da abin da ba ya cin ko sisi. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a zaro sandar awon mai. In man ya yi ƙasa, to a kan tudun rairayi zai gangara gefe guda, famfo ya zuƙi iska; shi ya sa fitila ke kamawa a hawa ta mutu a fili. A shinshina man kuma. In ya tsinke yana warin gas, a nemi inda dizal ke sauka cikinsa, a fara da nozul.

Daga nan a kwance na'urar da ke kunna fitilar, a ɗaura gejin hannu a gurbinta, a bar inji ya yi zafi sosai. Mai sanyi yana ruɗin mutum. A 1HZ ana son kada awon matsin mai ya gaza 0.3 a silo, kuma ya kai 2.5 ko fiye in inji na juyi 3,000 a minti. In ya kai, na'urar ce ta lalace, kuma arha ce.

In bai kai ba, sai a sauke kaskon mai. Sau da yawa dutse ne ya lotsa shi har ya matse bakin rariyar famfo, ko gam ɗin da wani ya lafta ya gutsuttsure ya toshe ta. A duba bawul ɗin da ke rage matsi, ko ya maƙale a buɗe.

Sai abin da samari suka fi wuyar ganewa. Famfo tura mai kawai yake yi. Matsin yana samuwa ne saboda ƙuncin da ke tsakanin metal da karanshaf, kamar yadda ruwan tiyo ke yin ƙarfi in ka danne bakinsa da yatsa. In metal sun cinye, ko sabon famfo ka sa, da inji ya yi zafi allura za ta sake faɗuwa. A nan ne ake zuba mai mai kauri don ta ɗan ɗaga, a sallami mutum ya shiga Sahara da fasinja. Wallahi ban taɓa yarda da wannan ba. Gara a gaya wa mai mota gaskiya, ko da zai ɗauke motarsa ya kai wani wuri.

Mai cinye metal ɗin kuwa galibi ƙura ce. Tana shiga ta filtar iska da ta yage ko ba ta zauna daidai ba, ta gauraya da mai. Shi ya sa ko na gama haɗa inji, ba na miƙa makulli sai na haska filtar da tocila, na kuma shafa cikin bututun da ke bayanta na ga yatsana ya fito babu ƙura.