Ranar da Dare Ya Yi da Hantsi

Duk wanda ya riga ya yi wayo a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi a shekarar 2006 ba ya bukatar a tuna masa da Larabar nan, 29 ga Maris, da rana ta yi husufi. Da hantsi ne, wajen ƙarfe goma da rabi. Inuwar wata ta shigo Afirka ta gaɓar Gana, ta ratsa Gusau da Katsina, ta hau kan garuruwanmu, ta wuce Damagaram ta nufi Libiya. Haske ya dusashe kamar hazo ya taso, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mutane suka ɗauki salati. Duhun bai kai minti huɗu ba. Ni ban gan shi cikakke ba, domin a lokacin ina karatu a Yamai, inda wata ya ci rana amma bai cinye ta ba. Da na dawo gida ina cewa ai abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, sai aka yi mini dariya. Rana ɗaya muka kalla, wuraren tsayuwarmu ne suka bambanta.

Bayan shekara goma sha shida na koma ina neman wannan duhu a matsayin shaida.

Ɗiyar ƙanena tana zaune a gidana a Tasawa tun da ta shiga kwaleji. A farkon 2022 aka bukaci takardunta na jarrabawar BEPC, sai aka dawo mana da su. Kundin makarantar ƙauyensu, can ƙasar Kanembakashe, ya ce an haife ta wajen 2005. Takardar alƙali, wadda ake kira jugement supplétif, ta ce 1 ga Janairu 2007. Ma'aikacin da ke karɓar takardun bai yi mini rashin mutunci ba. Ya dai ce a wurinsa waɗannan mutum biyu ne, kuma mutum ɗaya ke zama a kan benci ranar jarrabawa. Ya ba ni mako uku. Yarinyar ta daina cin abinci sosai, ni kuma na san a raina cewa takardun biyu duk ba su faɗi daidai ba, don na tabbata a 2006 aka haife ta. Ranar ce ban riƙe ba.

Yadda aka yi kowace takarda ta kauce ba wani asiri ba ne. Malamin da ya ɗauke ta aji ɗaya ya sa ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, ya ga ta kai, ya ƙiyasta shekarunta ya rubuta. Takardar alƙali kuwa daga baya aka yi ta, lokacin da aka zo ƙauye ana yi wa yara da yawa a zama ɗaya, ubanta kuma ya rage mata shekara da gangan, wai don kada a ce ta girme wa aji. Ɗaya ga Janairu, kamar yadda mai karatu ya sani, ranar haihuwar duk wanda ba a san ranar haihuwarsa ba ce a ƙasar nan.

Abin da ya ba ni haƙurin bin maganar a hankali wani abu ne da ba shi da alaƙa da Nijar ko kaɗan. Kimiyyar lissafi da fizik nake koyarwa, kuma a makonnin nan ina haɗa wa ɗalibaina ɗan darasi a kan wani abin al'ajabi da masana taurari ke kira FRB. Ni na laƙaba masa walƙiyar rediyo. Wani tartsatsi ne na igiyoyin rediyo da ke zuwa daga can ƙuryar sararin samaniya, ya haska ya ɓace cikin ƴan kashi kaɗan daga kashi dubu na sakan ɗaya. Ido ba ya ganinsa, sai manyan faya-fayan ƙarfe da aka kafa don sauraren sama. Na farko da aka gano, Duncan Lorimer da ɗalibinsa David Narkevic ne suka tsinto shi a 2007, suna tonon tsoffin bayanan da faifan Parkes na Ostareliya, mai faɗin mita 64, ya ɗauka tun 2001. To, ina haɗa darasin sai na ci karo da abin da ya sa na ajiye alƙalami. Maƙalar farko da ta ba da labarin walƙiyar ta ce ranar 24 ga Agusta aka ɗauke ta. Sunan da aka raɗa mata daga baya, FRB 010724, yana nufin 24 ga Yuli, kuma shi ne aka tsaya a kansa. Ashe ƴar farin wannan fage ma ranar haihuwa biyu gare ta a takarda. Na yi dariya ni kaɗai cikin dare, har maiɗakina ta leƙo.

Daga nan na shiga bin yadda masanan ke sasanta kundayensu, na tarar ba ƙaramin aiki ba ne. Da walƙiyoyin ba su da yawa, kundi ɗaya ya ishe su, FRBCAT, wanda Emily Petroff da abokan aikinta suka buɗe a 2016. Sai na'urar CHIME ta Kanada ta fara kamo su kusan kullum. Kundinta na farko, na 2021, ya ƙunshi walƙiya 536 da aka gani cikin shekara ɗaya tak, daga Yulin 2018 zuwa Yulin 2019. Amma 62 daga cikinsu daga wurare 18 suka fito, wuraren da ke maimaita walƙiya. Saboda haka wanda ke ƙirga walƙiya zai ce 536, wanda ke ƙirga mafito zai ce 492, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Akwai mafito ɗaya da faifan Arecibo ya fara ji a 2012, wanda faifan FAST na ƙasar Sin ya ƙirga masa walƙiya 1,652 cikin kwana 47 a 2019. A wani kundin layi ɗaya ne, a wani kuma shafuka ne.

Sai maganar suna. Walƙiya biyu na iya faɗowa rana ɗaya, kowace tawaga kuma da salon raɗa sunanta. Wadda aka fara kira FRB 180916.J0158+65 ita ce FRB 20180916B, ita ce kuma wadda masanan ke kira R3 a tsakaninsu, kamar laƙabin gida. A 2020 aka miƙa raɗa suna ga rajista ɗaya, TNS, a ƙarƙashin ƙungiyar masana taurari ta duniya, aka daina sabunta FRBCAT. Abin da ya burge ni shi ne ba a binne tsoffin sunayen ba. Mai neman walƙiyar da sunanta na da zai iske ta, a nuna masa sabon.

Amma inda na fi daɗewa shi ne maganar lokaci, don a nan na ga hoton matsalata. Walƙiyar ba ta isowa gaba ɗaya. Igiyoyinta masu saurin kaɗawa su ke riga isowa, masu nawa su biyo baya, saboda siririyar iskar da suka ratso a hanya tana riƙe su. Kamar mutanen ƙauye ɗaya ne da suka tashi tare zuwa kasuwar Mayahi, masu babur suka iso, masu amalanke suka biyo su. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisan ƙauyen, haka ma masanan ke ƙiyasta nisan walƙiya. To, in an tambaya yaushe mutanen ƙauyen suka iso, wa za a duba? Kundin CHIME yana rubuta lokacin ƴan baya, wato igiyoyin megahaz 400. Wasu kuma suna lissafa lokacin da za ta iso da babu abin da ya riƙe ta. Tsakanin biyun ana iya samun sakan goma ko fiye, a kan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Bayan wannan, wani yana rubuta lokacin da ta taɓa faifansa, wani yana mayar da lissafin zuwa tsakiyar tsarin rana, don duniya na yawo, kuma wannan kaɗai na iya kawo bambancin da ya kai minti takwas. Wanda bai san haka ba, in ya haɗa kundi biyu, sai ya mayar da walƙiya ɗaya biyu, ko ya zargi wani da kuskuren da bai yi ba. Shi ya sa ba sa raba bambanci biyu su ɗauki tsakiya. Sukan koma su tambayi kowane kundi me ya auna, daga ina, da wane agogo. Ko shaidar da ta yi kama da shirme ba a yar da ita sai an bi sawunta: wasu alamu masu kama da walƙiyar da suka daɗe suna rikita mutanen Parkes, a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata, in an buɗe ta kafin ta tsaya.

Da na raba 2005 da 2007 biyu, da na faɗa kan 2006, na yi daidai bisa tsautsayi, ban kuma san komai ba.

Ranar Asabar na hau babur na bi ta cikin goruban Gulbin Kaba zuwa ƙauye. Ƙanena na fara tambaya. Bai yi wata-wata ba ya ce ranar da rana ta yi zazzaɓi aka haife ta, kowa ya sani. Na ji daɗi, don babu kwanan wata da ya fi wannan tabbas a duk tarihin ƙasarmu. Na buɗe littafina zan rubuta, sai Inna, da ke gefe tana ɓarar gujiya, ta yi tsaki. Ni ɗan farinta ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika duban idona ba. Ta ce wa ƙanena, «Kai da kake Kano cin rani, mi ka sani? Labari ka ji.» Sannan ta juyo wajena kaɗan. «Kai, rubuta. Ranar suna ce. An yanka rago, wanzami na cikin yi mata aski duhu ya taho, ya aje aska sai da gari ya waye na biyu.»

Na ce, «Inna, ai ƴar Laraba ce, laƙabinta ma ya nuna, husufin kuma ranar Laraba aka yi.»

Ta ce, «To suna wace rana akan yi shi?»

Kunya ta kama ni. Suna kan zagayo ne a ranar da aka haihu, bayan kwana bakwai, don haka laƙabin ya dace da ranakun biyu, ba ya raba gardama. Na tura yaro ya kira wanzamin, tsoho ne yanzu, ya kuwa tuna, ya ce a rayuwarsa bai taɓa tsayar da aski don dare ya yi masa da hantsi ba sai ran nan. Shaida biyu ke nan da suka gani da ido, a kan ɗaya da ya ji a bakin ƴan gari a tasha, aka haɗa masa haihuwa da suna da husufi a jimla ɗaya. Na rubuta 22 ga Maris.

Uwar yarinyar ce ta sake motsa lissafin. Daga bayan zana ta yi magana, don ba ta zama gabana. Ta ce daren Laraba ne, bayan lisha, da fitila aka yanke cibi saboda duhu, sai da aka gama wanka tsakar dare sannan wata ya fito, rabi. Wannan magana ta fi mini kowace takarda. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, wannan kuwa ƙarshen Safar ne na 1427. Da a daren husufin ta haihu, da babu wata a sama ko kaɗan. Mako ɗaya kafin nan ne wata ke zama rabi, ya fito tsakar dare. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ba ni ma'aunin da zan iya gwadawa da lissafi, ya kuma tsaya. Sai dai daren Laraba a wurinmu yana farawa ne da faɗuwar ranar Talata, alhali kalandar gwamnati ba ta shiga Laraba sai sha biyun dare. A agogon Inna yarinyar ƴar Laraba ce. A agogon ofis, Talata ce, 21 ga Maris 2006. Na soke 22 da layi ɗaya siriri, yadda za a iya karanta shi, na rubuta 21 a gefe.

Na dawo Tasawa da ranar gaskiya a aljihu, na kuma tarar ba ta da inda za ta shiga. Gyara takardar alƙali sai an koma gaban alƙali, da shaidu da kuɗin tambari da jira, mako ukun kuma saura kwana tara. Wani wanda ya san aikin ya ba ni shawarar da kowa ke bi, a gyara kundin makaranta ya bi takardar alƙali, tunda ita doka ta sani. Haka aka yi. Aka shafe 2005 da farin ruwan gyara, aka rubuta 1 ga Janairu 2007 a kai. Ban yi gardama ba, kuma har yanzu ina ganin da an sake ba ni zaɓin haka zan yi, don benci nake nema mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shafewar. Kundinmu ba shi da gurbin da za a ce wane ya faɗi kaza, bisa kaza, aka gyara ranar kaza. Lamba ɗaya yake karɓa, wadda ta zo ƙarshe ta danne ta farko, ko da ita ce ta fi nisa da gaskiya.

Ta zauna jarrabawar, ta ci. Da za ta koma ƙauye hutu na ba ta littafin nan nawa, na nuna mata shafin: abin da ubanta ya ce da inda yake a lokacin, abin da kakarta ta ce, maganar wanzami, maganar wata, 22 da aka soke, 21 a gefe. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, «Baba, to in an tambaye ni, wace zan faɗa?»

Na ce ta fara tambayar mai tambayar, don me yake so.

Ta ce ita dai Laraba ta fi so, don Inna ba za ta yarda ta sake mata laƙabi ba. Ta saka littafin cikin jakarta, tsakanin takardar alƙali da takardar sakamako.