Ranar da Inna ta ci awarar Sin

Idon Inna ne ya kai mu Kano a ranar. Tun bayan sallar asuba muka bar Yankwashi, muka canza mota a Kazaure, muka bi ta Dambatta da Dawanau, kafin ƙarfe tara muna kan layin ganin likita. Da aka sallame mu bayan azahar, ni tunanina ɗaya ne: mu sayi gurasa da tsire a bakin tasha mu kama hanya. Sai Auta ya ce atafau sai ya kai Inna ta ci abinci.

Autanmu shekararsa biyu yana tsaron shagon wani ɗan ƙasar Sin mai dillancin atamfa a Kantin Kwari. A watan ne aka ƙara masa albashi, kuma amaryarsa tana da cikin wata biyar. Na san abin da ke ransa. Inna ce ta sayar da ridin gonarta da akuya biyu ta biya masa kuɗin makaranta, yana so ta gani da idonta cewa bai tashi a banza ba. Don haka na haɗiye maganar tsadar wurin, muka shiga adaidaita sahu mu huɗu.

Wurin yana cikin unguwar Nasarawa, a wani layi mai inuwar darbejiya. Daga waje gida ne kamar kowane gida, in ban da jajayen fitilu biyu masu kamar ƙwarya da aka rataye a ƙofa. Ciki sanyi, ga ƙamshin tafarnuwa da citta da man ridi. Tebur biyu kawai ke da mutane: wasu 'yan Sin uku suna shan romo suna hira da ƙarfi, da wani Alhaji da iyalinsa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana neman inda za ta cire takalmi.

Kano ta saba da waɗannan baƙi. A 2019 ma Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya naɗa ɗan kasuwa Mike Zhang sarautar Wakilin 'Yan China. Amma sabon ciniki daban, saka hannu a kwano daban. Kafin mu zauna Inna ta jawo mayafina ta raɗa min, "Ke, tambaye su." Ni ce 'yar fari, har yau ba ta kiran sunana.

Na tambaya. Yaron da ke kawo abinci, ɗan Gezawa ne da ganin Hausarsa, ya ce alade ba ya shiga kicin ɗinsu, naman sa da kaji kuma yankan Kano ne. Sai na ƙara tambayar da mutane kan manta: giyar girki fa? Masu dafa abincin Sin kan zuba wata giyar shinkafa a miya don kashe ƙarni, Japanawa kuma suna da tasu mai zaƙi da suke kira mirin. Ya shiga ciki ya dawo ya ce ba sa sakawa. Wanda zai je irin wannan wuri ya yi tambayoyin nan biyu, ba abin kunya ba ne. A ƙasar Sin kanta akwai miliyoyin Musulmi, 'yan ƙabilar Hui da Uygur, kuma taliyar naman sa ta birnin Lanzhou da ta yi suna a duk ƙasar daga hannun Musulmin Hui ta fito.

Aka fara kawo shayi a ɗan ƙaramin buta, ba sukari. Inna ta kurɓa ta ce, "Wannan ai shayin Buzaye ne aka tsinka." Gaskiyarta. Koren ganyen da Buzaye ke dafawa sau uku a kan gawayi daga Sin ake shigo da shi, duba kwalin za ka ga rubutunsu.

Sai abinci ya fara sauka. Soyayyar shinkafa da ƙwai, taliya da kabeji da karas, naman sa yanka sirara cikin baƙar miya, kaza da yaji da gyaɗa. Komai a tsakiyar tebur, kowa ya ɗiba, abin da ya kwantar wa Inna da hankali don ta tsani a raba wa kowa farantinsa kamar marasa lafiya. An ajiye mana tsinkaye bibbiyu. Auta ya riƙe nasa da gwaninta yana satar kallon Inna, ni na gwada sau uku naman yana zillewa, na nemi cokali.

Wani kwano ne ya canza zaman. Farin abu ne yanka-yanka, mai laushi, cikin jar miya mai yaji. Inna ta ɗebo, ta tauna, ta yi shiru, sannan ta ce, "Auta, awara ka kawo ni ci a nan?" Dariya ta kusa shaƙe amarya. Awara ce kuwa. Su suna ce mata tofu, sun fi shekara dubu suna yin ta daga waken suya, kamar yadda yaranmu ke tallanta da yamma a ƙofar gida. Bambancin, tamu ana matse ta sosai a soya ta yi ƙarfi, tasu an bar mata ruwa tana rawa a cokali. Daga nan Inna ta saki jiki, ta shiga binciken kwanuka. Baƙin ruwan da ke cikin 'yar kwalba ta ɗanɗana ta ce daddawa ce aka narkar. Nan ma ba ta yi nisa da gaskiya ba, waken suya ne da alkama da gishiri ake bari su ruɓa watanni.

Kwalbar nan na janye daga gabanta. Inna tana da hawan jini, kuma babban cokali ɗaya na wannan ruwa yana ɗauke da kusan rabin gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini, wato giram 5. Ga wanda aka riga aka zuba a girki, ga farin magi. Ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. A asibiti mu kan sha irin wannan harara.

Rigimar gaske ta zo ne da shafin ƙarshe na takardar abinci. Amarya ta nuna hoton wasu dunƙule-dunƙulen shinkafa da jan abu a kai, ta ce tun da ta gani a waya take kwaɗayinsu. Sushi ke nan. Auta, da yake kwaɗayin mai ciki ba a wasa da shi, har ya ɗaga hannu zai kira yaron.

Sushi abincin Japan ne, masu gidan sun haɗa shi da nasu ne don masu nema. Shinkafa ce mai danƙo da aka gauraya da ruwan khal da sukari da gishiri, a ɗora mata kifi, ko a naɗe ta cikin busasshen ganyen teku baƙi mai kamar takarda. Asalinsa dabarar adana kifi ce, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa da gishiri har ya yi tsami, kamar yadda mu muke banda. Wannan na dunƙule da ake yi nan take, a birnin Edo, Tokyo ta yau, ya bayyana wajen shekarun 1820, abincin bakin titi ne na masu sauri. Ta fuskar addini ba matsala, malamanmu na Malikiyya sun halatta abin da ke cikin teku. Matsalar kifin ɗanye ne.

Na ce wa amarya, "Ƙanwata, wannan kam sai kin sauka lafiya." Ɗanyen kifin teku kan ɗauki wata tsutsa da ke maƙale a bangon ciki. Ana kashe ta da daskararwa, digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7. Amma sanyi ba ya kashe ƙwayar listeriya, wadda ke iya ratsa mahaifa ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, uwar kuwa wani lokacin zazzaɓi kaɗan kawai za ta ji. Sannan ka tuna inda muke. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma duk wadda ta taɓa gadin firjin allurar rigakafi a karkara ta san yadda wuta ke yi mana. Ban ce gidan nan suna sakaci ba, yaron ya ce a daskare kifin ke iso musu kuma injinsu ba ya mutuwa. Amma ba a gwajin sa'a da ciki. Kuma don Allah kada wata ta ga bidiyo ta ce za ta gwada da tarwaɗa ko karfasar dam ɗin Kazaure. Kifin ruwan daɗi sai wuta.

Fuskar amarya ta canza, Auta ya rasa inda zai sa kansa. Yaron ne ya raba gardamar, ya ce akwai wanda ba ɗanyen komai a ciki: kokwamba da fiya da dafaffen jatan lande. Aka kawo guda takwas jere a kan ɗan katako, da citta mai tsami yanka kamar fure, da wani koren ƙulli kamar ƙwallon kuka. Kafin Auta ya buɗe baki na lakato koren nan na kai baka. Barkono harshe yake ƙonawa, wannan kuwa ta hanci ya bi ya fito ta ido. Wasabi sunansa. Sai da Inna ta miƙo min gefen mayafinta.

Ni dai na ci ɗaya mai ɗanyen kifin salmon, don in san abin da nake hana mutane. Ba ƙarni ko kaɗan, laushi kamar man shanu, amma zuciyata ba ta karɓi shinkafa mai sanyi ba. Amarya ta cinye biyar daga nata tana lumshe ido. Inna ta juya nata sau biyu, ta tsura wa fararen ƙwayoyin da aka barbaɗa a bayansa ido, ta kankaro ɗaya da farce ta tauna.

"Ridi ne."

Auta ya ce mata ai ridin Jigawa da ake tarawa a Dawanau da Maigatari, Japan da Sin na cikin manyan masu sayensa. Ta sake kallon farantin ta ce, "To nawa suka sayar maka da wannan ɗan barbaɗen?" Bai amsa ba. Da takardar kuɗi ta zo ya karɓe da sauri ya kife ta, amma na hango, ya kai abin da za mu ci a gida mako guda. Inna ma ta gane. Ba ta ce komai a kai ba, sai ta sa aka juye ragowar awarar da taliyar a roba, ta ɗaure a leda, ta dafa kansa a bakin ƙofa ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

A mota ta rungume ledar a cinya, ta hana a sa ta a but. Muna wuce Dambatta ana kiran magariba ta taɓa ni ta ce bana ba za ta sayar da ridinta da kaka ba, sai ya yi daraja.