Tsohuwar Mota a Hanyar Bungudu

Wani ma'aikacin lafiya mazaunin Sabon Garin Gusau, da ke zirga-zirga kullum zuwa ƙauyukan Bungudu da Tsafe, ya shafe wata uku yana neman mota mai ja da ƙafa huɗu. Sanyin hunturu bai dame shi ba. Damuwarsa ita ce ƙurar da ke toshe matatar iska, da hazon da ke ɓoye ramuka, da yashin rafukan da damina ke mayarwa taɓo.

Da fari Hilux ta kwanta masa a rai. Bakanikensa ya girgiza kai: "Yallaɓai, daga nesa kamar motar jami'an tsaro take." A hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, irin wannan kwarjini janyo ido ne.

Sai ya koma ga wata tsohuwar RAV4 'yar Kwatano wadda fentinta ya koɗe. Tun cire tallafin man fetur a 2023 ƙarancin shan mai ya zama abin dubawa, ga kayan gyaranta birjik a Gusau. Kafin ya biya, ya tambaya ko akwai mai iya tayar da ita kafin magariba in ta mutu bayan la'asar. Bakaniken ya ce ko yaron shagonsa zai iya.