Keken Tatata a Tsakar Gidan Kunci

A gidajen ƙasar Kunci, ko Ghari kamar yadda takardun hukuma ke kiran ƙaramar hukumar yanzu, akwai wani abu da ba ya cikin kayan ɗakin amarya, ba kuma a kawo shi ranar suna, amma da wuya gida mai haihuwa ya rasa shi. Daga cikin gari har Shuwaki da 'Yandadi da Gwarmai, za ka gan shi jingine da gindin rumbu, ko kife a bayan turmi kaza ta ɗare kansa. Guntayen katako ne aka harhaɗa. Taya ɗaya a gaba, biyu a baya, sanduna biyu sun miƙe tsaye daga kan na bayan, an gicciya wata a samansu ta zama mariƙi, sannan aka tokare mariƙin da wata sanda zuwa gaba don kada ya karye. Keken koyon tafiya ke nan, keken tatata, wanda kafinta ke bugawa da ragowar katakon benci ko na ƙyauren ƙofa, yawanci da yamma bayan ya gama aikin da ya ɗauke shi da muhimmanci.

A ƙasashen Turawa in aka ce keken jariri mai ƙafa uku, wani abu daban ake nufi. Nasu zaunar da yaro ake yi a ciki, babba ya tura. Tun 1733 wani mai tsara gine-gine da lambuna a Ingila, William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan basaraken Devonshire ɗan keken da akuya ko ƙaramin doki zai ja. Mai ƙafa ukun kuwa na baya-bayan nan ne. Wani ma'aikacin jarida a garin Yakima na Amurka, Phil Baechler, shi ne ya so ya riƙa fita gudun motsa jiki da ɗansa, ya ga ƙananan tayoyin keken da ke akwai ba sa jure gargada, sai ya ɗauko tayoyin keken hawa ya haɗa guda uku. A 1984 ya fara sayar da shi da sunan Baby Jogger. Irinsa kan faɗo Kano jefi-jefi, sabo a shagunan Sabon Gari ko na gwanjo wajen masu kayan yara, kuma wani lokaci ɗan'uwa mazaunin birni kan ɗauko shi ya kawo ƙauye a matsayin tsaraba, ransa fari ƙal.

In za a yi adalci, cikin duk kekunan jarirai na waje shi ne ya fi kusa da dacewa da ƙasarmu, domin manyan tayoyinsa ba sa nutsewa cikin rairayi kamar 'yan ƙananan nan na roba. Sai dai tayar iska ce, kuma hanyar da ta ratsa tsakanin gonakin gero da gyaɗa cike take da tsidau. Fita biyu uku, sai wajen mai faci. Ga dokin ƙofa, ga zaure mai kwana wanda an gina shi ne don kada na waje ya hango cikin gida, ba don abu mai tsawo ya wuce ba. Uwa-uba, matar da za ta asibiti awo ko allurar riga-kafi a bayan babur za ta tafi, ina za ta sa shi? Ƙarshenta ya koma kusurwar ɗaki ana tara wanki a ciki. Wadda ta samu kuma take son amfani da shi, ta kiyaye abu kaɗan. Jaririn da wuyansa bai tsaya ba a kwance ake sa shi, ba a zaune ba. A ɗaura masa maɗaurin, a taka birki duk lokacin da aka tsaya, kada a rataya jaka mai nauyi a mariƙi don takan ɗaga gaban keken sama. Kada kuma a lulluɓe shi da zane wai don kare rana. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, kuma ƙarƙashin lulluɓin ya fi waje zafi.

Aikin da aka ƙirƙiro wancan keken dominsa, a nan zane da majanyi sun riga sun gama shi. Mace na daka, tana tankaɗe, tana ɗebo ruwa, yaro na bayanta yana jin ɗuminta, hannayenta biyu a sake. In ta gaji ta kwance ta ɗaura wa yayarsa. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba, kuma ban ga abin da keken dubban nairori zai ƙara mata ba. Shi ya sa mai ƙafa ukun da ya samu wurin zama a Kunci shi ne wanda yaron ke turawa da kansa.

Lokacinsa yakan zo ne bayan rarrafe, sa'ad da yaro ya fara dafa bango da gefen gado da zanen duk wanda ya gifta. Sau da yawa kaka ce ke fara magana. "Wai wannan mijin nawa har yaushe zai yi ta jan gindi? Ku je a bugo masa keke mana." Uban ya biya wajen kafinta a hanyarsa ta kasuwa, ya ce, "Malam, na yaro nake so, mai ƙwari." Shi ke nan duk bayanin da ake yi, ba awo, ba tambayar tsawon yaro. A nan ake fara kuskure, don keken da ya yi wa wani daidai yakan yi wa wani tsawo. Mariƙin ya kamata ya tsaya wajen ƙirjin yaro ko ƙasa da haka kaɗan. In ya wuce, sai ka ga yaro ya yi ɗage yana tafiya da yatsun ƙafa. In ya gaza, ya duƙufa a kai, nauyinsa ya tura keken gaba, ƙafafunsa su rage a baya.

Ƙafa uku tana da wani alheri da masu tsakar gida mai tudu da kwari suka sani ko ba su faɗa ba. Duk yadda ƙasa ta karkace, ukun nan sai sun taɓa ta gaba ɗaya, ba kamar mai huɗu ba da ɗaya kan rage a sama tana lilo. Aibinta a kwana yake. Wanda ya taɓa ganin a-daidaita-sahu ta sha kwana da gudu ta ɗaga ƙafa ya san abin da nake nufi. Yaro ba ya tura keke a miƙe, yakan jingina ne gefe ɗaya, musamman in an kira sunansa ya waiwaya. Saboda haka faɗin baya shi ne ran keken. Tazarar tayoyin baya ta fi faɗin kafaɗun yaro sosai, kuma ya samu wurin jefa ƙafa a tsakaninsu ba tare da yatsunsa sun bugi katakon da ya haɗa su ba. Kafinta mai tsimin katako yakan matse bayan, keken ya fito siriri gwanin kyau, ya kuwa kayar da yaro sau goma kafin azahar.

Sai nauyi. Mutane kan ɗaga keke su ce wannan ya yi, ba shi da nauyi, yaro zai iya da shi. Ai mara nauyin shi ne ke gudu ya bar mai shi. Wanda ke da ɗan nauyi, tayarsa na juyawa da ɗan tauri, shi ne ke jiran yaro ya ɗaga ƙafa ya sauke. Wasu kafintocin, don burgewa, sukan sa masa tsohon boris na babur a maimakon tayar katako. Yana da daɗin ƙara a kunne, yaran unguwa na sonsa, amma ga mai koyon tafiya bala'i ne.

Akwai kuma abin da ya canja ba tare da keken ya canja ba. A da tsakar gida rairayi ce ko daɓe, kuma rairayin nan shi ne birkin keken. Taya na nutsewa kaɗan, tafiya na yin sanyi, in yaro ya faɗi ya faɗi kan taushi, ya tashi da ƙasa a baki, a kaɗe masa a ce "ba komai, jarumi". Yanzu duk wanda ya sayar da amfanin gona ya ga rara sai ya shafe tsakar gida da siminti, wasu har tayil a baranda. Keken da kakanni suka saba da shi, a kan siminti sulɓi yake yi, faɗuwar kuma ta fasa leɓe ce ko ta kumbura goshi. Wanda gidansa ya zama haka, ya naɗa wa tayoyin baya yankin tsohon tib na keke, ko ya ɗaura ɗan bulo a kan sandar gaba, ko kuma a fitar da yaron wurin da ƙasa ta rage.

Kafin a miƙa wa yaro, babba ya bi keken da tafin hannunsa lungu-lungu, ba da ido kawai ba. Tsinin ƙusa yakan leƙo ta bayan katako, a mayar da shi ciki da guduma. Mariƙin a goge shi da samfefa har ya yi santsi, domin ba riƙewa kaɗai yaro zai yi ba, mai fitar da haƙori sai ya gatsa. Don haka ne ma ban ga amfanin fenti ba. Ja da kore suna da kyau a ido, amma wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, kuma tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani kan illarta ba. Haka baƙin mai da ake shafa wa katako don korar gara, a bar shi ga azara da turken rumfa. A duba kuma tsakanin taya da jikin keke. In ramin ya isa ɗan yatsa ya shiga, wata rana zai shiga.

Kula da shi ba wani aiki ba ne, mantawa ake yi. Da damina in ya kwana a waje katako ya sha ruwa ya kumbura, taya ta cije, yaro ya tura ya tura ya fashe da kuka. Da hunturu kuma katakon ya bushe ya tsuke, ƙusoshi su saki, taya ta fara rawa, wani lokaci ta tsage biyu daidai inda aka huda ta. In ta fara ƙara, kada a ɗiga man gyaɗa, don yana kama rairayi ya kuma kira kiyashi. A goga guntun kyandir ko busasshen sabulu a wurin. Da dare a rataye shi ko a ɗora kan wani abu, domin gara ba ta raina ƙaramin katako. Babban abokin gabansa dai yayyen yaron ne. Da zarar uwa ta juya baya ya zama motar ɗaukar kaya, a loda masa ƙasa, ɗaya ya hau ɗaya ya tura, har sandar tokare ta ɓalle. Wanda ya tsira daga hannunsu yakan daɗe. Sai ka ji an aiko yarinya daga maƙwabta, "Wai in ji Inna, in Auta ya gama da kekensa a ba mu aro." Haka zai yi ta zagaya unguwa, mariƙinsa ya yi baƙi ya yi sheƙi saboda hannaye, har a manta gidan da aka fara buga wa.

To, shin keken ne ke koya wa yaro tafiya? Anya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana, ta fitar da sakamako a 2006, inda aka ga lafiyayyun yara na fara tafiya su kaɗai tun daga wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Tazara ce mai faɗi, kuma ya kamata ta kwantar da hankalin uwar da kishiya ko facala ke yi wa gorin cewa ɗan wance ya riga nata. Yaro zai tashi in lokacinsa ya yi, da keke ko babu. Abin da keken ke ba shi wurin dafawa ne mai tafiya tare da shi, da kuma ƙarfin hali. Wanda ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya rauni, ko jikinsa na nuna tamowa, asibiti za a kai shi, kafinta ba shi da maganin wannan.

Duk da haka na fi yarda da shi nesa ba kusa ba a kan na robar nan mai zagaye da ake zura yaro a ciki, ƙafafunsa na reto, tayoyi ta ko'ina. Shi ne yanzu ake ɗauka ci gaba, shi ake saya wa mai jego don a fita kunya. Amma yana ba yaron da bai iya tsayuwa ba saurin da hankalinsa bai kai ba, yana kuma ɗaga shi ya kai hannu inda da ba zai kai ba. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da irinsa da shigo da shi tun 2004 saboda yawan raunin da yake jawowa, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana neman a yi haka a can. Su matakalar bene ce babbar damuwarsu. Mu namu murhu ne a ƙasa, da tukunyar kunu da aka sauke yanzu, da bahon wanki cike da ruwa, da rijiyar da aka bari a buɗe. Na katakon ma zai iya kai yaro duk wuraren nan, sai dai a hankali, kuma ƙwaram-ƙwaram ɗin tayarsa na gaya wa uwa inda ya nufa. In ƙarar ta ɗauke, a leƙa.

Saboda haka, maigida, in za ka wajen kafinta, auni tsawon yaron daga ƙasa zuwa ƙirji da ɗan kara ka tafi da shi. Ka ce ya faɗaɗa baya, ya sa tayar katako mai kauri, ya lanƙwashe ƙusoshi, ya bar fenti. In ya ce sai an ƙara kuɗin katako, ƙara masa.