Keke Uku, Aljihu Ɗaya

Mai karatu, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure su ka sake ganin rana a nan Kwanar Dangora. A gidanmu uku ne: Raleigh na Baba, Phoenix na ɗaukar kaya, sai wani siririn ɗan gwanjo mai giya, irin na tsere, da ƙanena ke zuwa makaranta da shi. Ni ke gyaransu, kuma kuɗin ba ya isa a yi wa kowanne sabo. Dole a zaɓa.

Za ka ce ai keke keke ne, a sayo kaya iri ɗaya a raba masu. To, ba haka abin ya ke ba. Ɗauki taya. Na Raleigh da na Phoenix 28 ake ce masu, na tseren ma sau da yawa 28 ɗin za ka gani a jiki. Amma duba ƙaramar lambar da ke gefe: waɗancan biyu 635, shi kuwa 622. Milimita 13 kacal, amma ko za ku kwana kai da mai faci ba za ta zauna ba. Don haka taya ɗaya na ke ajiyewa saboda manyan biyu, ɗan tseren ya ji da kansa. Sarƙa ma haka: mai faɗi ta manya ce, siririya ta mai giya.

Raleigh kuwa shi ne mai wuyar sha'ani, kamar tsohon da ba ya cin tuwon kowa. Kamfanin har masana'anta ya yi a Kano, amma namu ƙirar Nottingham ne ta Ingila, kuma can su na da nasu tiredin, wato zanen da ake murɗa ƙarfe a kai: 26 a kowane inci a gidan feda da wuyan keke, alhali yawancin kekuna 24 ne. Da farko sabon ƙarfen zai shiga kamar gaske, sannan ya cije. Bakanike mai gaggawa sai ya sa ƙarfi, ya cinye tiredin, shi ke nan an kashe keken da ya girme shi. Shi ya sa na ke tsayawa a kansa har ya gama. Boris da giris dai kowa zai samu, don ba su da tsada.

Kuɗin kirki a birki na ke zuba shi, kuma Phoenix ne farko. Ka san hanyar nan da ta ɓalle ta nufi Tudun Wada da Doguwa har dajin Falgore, ka san yadda tireloli ke wuce mutum a kanta. Ka ɗora buhun masara a kariya lokacin kaka, ka kamo gangara da robar birkin da ta cinye, wallahi ƙararrawa ba za ta cece ka ba. Madubai da fulawowin roba, irin na ɗan ƙauye a finafinan camama, waɗannan sai su jira. Ƙanena ya yi ta ƙunƙuni, har yau bai samu madubin ba.

Shi Raleigh na hana a ɗora masa kaya gaba ɗaya. Masallacin Juma'a da gaisuwar mutuwa kaɗai Baba ke zuwa da shi, kuma tsohon sirdinsa na fata ya ce kada wanda ya taɓa.