Wasan Keke a Kan Jirgin Ƙasa

Sa'ad da nake yaro, duk Tumfure ba wanda ya kai ni iya wasan keke. A zamanin nan Tumfure ƙauye ne a bakin hanyar Bauci, birnin Gombe bai haɗiye shi ba tukuna. Ubana yana da wani keke Raleigh wanda yake kai kayansa kasuwa da shi. In ya kishingiɗa bayan azahar sai in lallaɓa in fita da shi, in saki hannu, in miƙe tsaye bisa sirdi, yara na bina suna ihu. Har kaina ya kumbura, na ɗauka ba inda zan hau keke ya kā da ni.

Ran wata Asabar cikin 1984 ya aike ni tashar jirgin ƙasa a kan keken nan, muka tafi da abokaina biyu. Jirgi ya fara zuwa Gombe a 1963, ya isa Maiduguri a 1964, kuma a lokacin da nake ba ku labari tashar ba ta rabuwa da taragai. Can gefe muka ga wani tarago marar rufi, ba kaya a kansa. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kai mai cika baki, in ka isa yi a kan wancan." Muka faki idon ma'aikata, muka cicciɓa keke muka ɗora.

Ina cikin wasa ke nan sai kan jirgi ya zo ya ƙulla, ya fizgi taragon. Na yi tangaɗi, amma ban faɗi ba. Dā ma a nan ya kamata in sauka in zauna, sai dai abokai na tafi, ni kuwa ina jin kunyar a ce na ji tsoro. Abin mamaki, da jirgin ya miƙe a hankali sai na ga keke yana bina kamar a ƙasa, har na saki hannu. Ban ankara ba direba ya taka burki. Tarago ya tsaya, ni da keke muka ci gaba. Sai ga ni a kan tsakuwa, hannun hagu ya karye, ƙafar keke ta gaba ta lanƙwashe. Da a ce tsakanin taragai na faɗa, da yau ba mai rubuta muku wannan.

Ubana bai buge ni ba. Ya biya maɗori, ya jingine keke a zaure. Wata biyu cur yana ɗaukar kayansa a ka zuwa kasuwa, ni ina zaune da karan ɗori ina kallonsa. Wallahi da bulala ya yi mini da ta fi mini sauƙi.

Sai da na shiga kwaleji na gane abin da ya same ni. Malaminmu na kimiyya ya ba mu labarin Galileo, mutumin Italiya, wanda ya rubuta a 1632 cewa mutumin da ke cikin ɗakin jirgin ruwa mai tafiya sumul ba zai iya sanin ko jirgin na tafiya ko yana tsaye ba. Sa'an nan Newton na Ingila ya bayyana a 1687 cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa ko ya sake hanya sai wani ƙarfi ya tilasta masa. Nan take na tuna da taragon. Watau ba gudun jirgi ne ya kā da ni ba, sakewar gudunsa ce. Burki ya kama tarago, bai kama ni ba.

Ga kuma wata wahalar. Mai keke ba ya faɗuwa ne domin yana karkata ƙafar gaba wajen da ya rinjaya, wannan kuwa sai da fili. To, faɗin dogonmu ƙafa 3 ne da inci 6, tarago kuwa ya fi haka faɗi sosai, amma duk da haka bai kai filin da mai keke ke bukata ba. Ga girgiza a kowace gaɓar dogo, ga kwana mai jefa mutum waje, kuma ba ka san lokacin da za su zo ba.

Tun da na fara koyarwa, ban taɓa soma wannan darasi da rubutu a allo ba. Nakan tambayi yara, "Wa ya taɓa gwara goshi a mota sa'ad da direba ya taka burki?" Hannuwa sai su tashi, darasi ya zauna. Ku 'yan'uwa masu shirin fita gwajin koyarwa, ku nemi irin wannan misali cikin abin da yaro ya sani, kada ku bari sai ya karya hannu kamar ni. Ku kuma ja musu kunne, dogo ba wurin wasa ba ne. Masu iya magana sun ce, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Allah Ya jiƙan ubana, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.